Shekarar da Ban Bar Kala Ba

Ruwa ya ci gonata ta shinkafa a damina ta uku bayan an fara auna ta. Ya shigo da hantsi, ya kwana goma sha ɗaya a kanta. Da ya janye babu ko tsiro ɗaya a tsaye. Abin da ya rage shi ne allon ƙarfe da masu awo suka kafa a bakin gonar, wanda aka ce mini an rubuta a jikinsa cewa wannan gona mai juriya ce. Da Faransanci aka rubuta, ni kuwa ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Amma allon ya jure, wannan na gani da idona.

Gonar tana cikin fadama, ba nisa da tabkin Madarumfa, inda ruwan gulbi ke kwanciya in damina ta yi nisa. Ba babba ba ce. Mutum huɗu da lauje suna gama ta a yini biyu. Daga mahaifina na gaje ta, tare da irin da ake shuka mata: jar shinkafa mai dogon jiki, mai gemu a zangarniya, wanda ke hana tsuntsu sakewa. Ba ta zuba da yawa kamar farar da ake sayar da irinta a Maraɗi. Amma in ruwa ya hau a hankali tana hawa tare da shi, in ƙwari suka zo su ɗan ci su bar ta. A garinmu kowa ya bar ta ya koma fara, sai ni. Ba wayo ne ya sa ba. Farar tana son angire, takin buhu, tana son feshi, ni kuma ban taɓa samun halinsu ba. Takina kashin shanun Fulani ne da ke kwana a gonar bayan yanka, da toka da sharar gida da nake kaiwa a amalanken jaki.

Na ga fari. Na ga fara. Na binne ƴaƴa biyu a shekara guda. Na yi dako a Katsina rani huɗu. Duk wannan ban taɓa rasa irin nan ba. Ƙasa ba ta zuwa ko'ina, in ruwa ya ci ta zai mayar. Iri in ya ƙare ya ƙare, don babu mai sayar da ja a kasuwa.

Abu biyu na koya wurin mahaifina. Na farko da baki ya faɗa mini: irin da ka ware, rabi za ka shuka, rabi ya zauna a randa da toka, a liƙe bakin da laka, kada a fasa sai wanda ke gona ya shigo gida. Na biyu bai taɓa faɗa ba, gani na yi.

In an gama yanka an kwashe dami, abin da ya zube a ƙasa ba na mai gona ba ne. Na masu kala ne, matan da ba su da gona, su bi baya da ƙwarya su tsince. Mahaifina ba ya tsayawa ga abin da ya zube da kansa. In yana ɗaurin dami sai ya sassauta hannu, zangarniya biyu ko uku su faɗi, ya tura musu ciyawa da ƙafa, ya wuce kamar bai gani ba. Na girma ina yin haka. Ba a magana a kai. Mai gona ba ya kallon mai kala, mai kala ba ta godiya. In aka yi godiya ya zama sadaka, kala kuwa ba sadaka ba ce.

Mai kalar gonata tsohuwa ce guda. Mijinta masunci ne, ya rasu tun ina saurayi. Ɗanta ya tafi arewa neman aiki, babu labari. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen gari, kan tudu, bayan famfo. Duk garin Inna muke ce mata. Ba ta da gona, amma tana da baki.

Masu awo sun zo a farar mota kat-kat, tsakiyar damina. Mai gari ya tara mu gindin bishiya. Mai magana a cikinsu wata malama ce, Bahaushiya, ƴar birni, ba ta kai ƴata ta fari ba, da takalmin roba har gwiwa. Ta ce sun zo auna juriya, wato in masifa ta bugi gona da mai gona da mutanensa, ko za su iya tashi. Ta ce masu noma ba angire ba feshi suke nema, irin wannan noma yana da suna, biyo ake ce masa, kuma a manyan birane ana girmama shi. Shekara talatin ina yin biyo ban sani ba. Mu a nan rashin hali muke ce masa.

Maƙwabcin gonata sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Shi ma ya shiga cikin ƴan biyo, don shekara biyu ke nan bai sa angire ba, ba don ba ya so ba. Ya ga foroje iri-iri, masu kawo wa ƙauye taimako, ya san hanyarsu. Ya ja ni gefe ya ce in sa tsohuwar riga ranar da za su zo gidana, in kai awakina gidan wani, duk abin da aka tambaye ni in ce babu.

"In ka ce musu lafiya lau," ya ce, "lafiya lau ɗin za su bar maka su tafi."

Ban bi shawararsa ba. Ba tsoron ƙarya ne ya hana ni ba. Kuka yana son dogon bayani, ni kuwa ba na iya doguwar magana.

Sun yi yini biyu a gonata. Sun haƙa ƙasa sun ƙirga tana. Sun kaɗa ƴar raga a kan shinkafa sun ƙirga ƙwari, suka ware masu ɓarna da masu cin masu ɓarna. Malamar ta ga kwaɗi da mazari da ƴaƴan tarwaɗa a cikin ruwan gonar, ta yi murna kamar ta ga danginta. Ban taɓa sanin kwaɗona dukiya ba ne.

Daga nan suka zo gida. Ta ba ni tsakuwa biyar. Kowace tambaya in ajiye tsakuwa gwargwadon yadda abin yake, ɗaya in babu kirki, biyar in ya yi kyau. Ko muna cin abinci har sabon hatsi ya shigo. Ko ina da wanda zan kira gayya. Ko nawa ne irin da nake shukawa. Ta tambaya ko matata tana da ta cewa a harkar gona. Na ajiye biyu. Matata ta fito daga bayan zana, ta ɗauki ukun da ke hannuna ta ɗora a kai, ta koma wurin dakanta. Malamar ta rubuta biyar.

Da kaka suka dawo ganin yanka. Sun zo da wani katako mai kusurwa huɗu, kamar bakin taga. Muna yanka muna ɗaurewa, su kuma suna bin bayanmu, su jefa katakon inda ya faɗi, su tsince duk ƙwayar da ke ciki su ɗora a ƙaramin ma'auni. Jifa na uku ya faɗi daidai inda na sassauta hannu. Malamar ta ɗaga ciyawa ta ga zangarniya uku cikakku a kwance. Ta ɗaga ido ta tambaye ni ko kullum haka ake barin su. Na ce haka ne. Ta ce me ya sa. Na ce haka muka tarar.

Inna tana zaune gindin gawo a bakin gonar da ƙwaryarta, tana jiran mu kwashe. Malamar ta hango ta, ta tambaya ko ita ma tana da gona a nan. Na ce ba ta da. Ta ce to ba ta cikin waɗanda za a auna. Ba laifinta ba ne. Ta tambaya, ni ne ban faɗa ba. Abin da uba bai faɗa wa ɗansa ba, ba zan faɗa wa baƙuwa a gaban mai kalar ba.

Da rani suka kawo sakamako. Kowa aka ba shi takarda mai zane kamar saƙar gizo. Kowane zare abu guda ne: ƙasa, ruwa, iri, abinci, jama'a, da sauransu. In kana da ƙarfi a abu, zanen ya miƙe har baki. In ba ka da, ya shige ciki. Na maƙwabcina ya ƙanƙance a tsakiya kamar busasshen kwaɗo. Nawa ya cika zagaye, sai wuri guda da ya lotsa kamar ƙwaryar da jaki ya taka.

"Baba, duk garin nan babu kamar gonarka," malamar ta ce. Ta ɗora yatsa a inda ya lotsa. "Nan ne kawai. Kana asara da yawa wajen yanka. In ka gyara wannan, ka cika."

Masu rauni aka taimaka wa, kuma daidai ne. Maƙwabcina ya samu injin ban ruwa, sabo, ja. Ni da nake da juriya aka ba ni shuɗin tamfol na shimfiɗawa lokacin yanka, aka kafa mini allo. Muna komawa gida, shi da injinsa a amalanke, ni da tamfol a ka, ya ce in gonata ta ji ƙishirwa in karanta mata allon.

Na liƙa takardar a bangon ɗaki. Ba zan ɓoye ba, abin ya shige ni. Ban taɓa zama na farko a komai ba. A gidanmu ni ne na biyar. A wurin dako lamba ce ni. Yanzu ga takarda daga birni ta ce na fi kowa, saura kaɗan. Kullum in na sallame sallar asuba idona a kan wannan lotsawar yake sauka. Sauran zaren duk ba na ganin su.

Kaka ta zagayo. Na shimfiɗa tamfol. Na ce wa masu taya ni yanka kowa ya riƙe da kyau, a ɗaure dami a kan tamfol, a buga a jikin tano, gangar ƙarfe, a kan tamfol. Hannuna ya so ya sassauta da kansa, don ya saba, na hana shi. Da muka gama na bi gonar da kaina na tsince abin da ya kuɓuce. Masu awo suka jefa katakonsu sau da yawa, ma'auninsu bai ko motsa ba. Malamar ta ɗauke ni hoto.

Bayan sun tafi Inna ta taso daga gindin gawo. Ta bi gonar daga wannan baki zuwa wancan a duƙe, ta dawo. Ina ɗaure buhu, ina jin ta. Ta zo ta tsaya kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. A gindin ƙwaryarta ƙwayoyin ba su rufe ko zanen ƙwaryar ba.

"Ɗan nan, bana ko tsuntsu sai ya yi azumi a gonarka."

Na ce masu awo ne suka ce a daina asara.

"To. Allah ya cika awo."

Ta juye ƴan ƙwayoyin a bakin buhuna ta tafi da ƙwaryarta wayam.

Abin da na ƙaru da shi a wannan shara tiya uku ne. Matata ta ji labari tun kafin in iso gida. Ta ce na share gonar mahaifina kamar ɗakin amarya, ko baƙi nake jira. Ba ta ƙara ba. Washegari ta auna tiya guda ta kai wa Inna da kanta. Inna ta ce ta mayar, ita ba bara take yi ba. Matata ta dawo da ita ta ajiye a ƙofar ɗakina, inda sai na tsallake ta in zan fita. Ta kwana uku a wurin.

Baƙin kuwa sun zo. Sabuwar takarda ta fito, zanena ya cika zagaye kamar faifai. Duk ranin nan ana kawo mutane ganin gonar da babu komai a cikinta sai kashin shanu da allo. Manoma daga garuruwan Safo da Sarkin Yamma, ɗalibai daga Maraɗi, manya masu manyan riguna. A tsayar da ni kusa da allon, in yi magana. Maganata ba ta da tsawo, sai malamar ta ƙarasa. Daga nan a ce a ga irin. Wanda ya gani kuma sai ya ce a ɗan ba shi.

A wurinmu ba a hana iri. Malamar ma ta ce raba iri yana cikin juriya, in yana hannu da yawa ba zai ɓata ba. Maganar ta yi ma'ana, har yau ban ce ba ta yi ba. Na fasa lakar randa. Wannan tafi guda, wancan tafi biyu, babban mutum a cika masa leda. Da hadarin farko ya haɗu, abin da ya rage rabin shuka ne kawai. Matata ta leƙa randar, ta ɗago ta dube ni. Na ce mata irin yana hannun mutane da yawa. Ta ce Allah ya sa hannun ne ba ciki ba.

Na shuka duka. Ya tsira da kyau. Yana tsawon taƙi guda ruwan ya zo daga kudu, ba a hankali ba, gaba ɗaya, ja wur, da itace da mushen tumaki. Jar shinkafa tana iya tsere da ruwa in ya ba ta lokaci. Wannan bai ba ta ba. Muka tsaya kan tudu muna kallon inda gonakinmu suke. Injin maƙwabcina bayan mako biyu aka same shi cikin laka, can ƙasa da mu, ya cika da yashi. Shi ma farar tasa ta tafi. Amma shi irinsa yana kasuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce mai rauni da mai juriya yau tabarma guda.

Gero da wake na gonar tudu sun yi, ba mu ji yunwa ba. Ba abinci ne damuwata ba. Da hanya ta bushe na fara bin waɗanda na ba iri.

Mutumin Safo ya karɓe ni da fura. Ya ce ƙasarsu yashi ce, ina zai shuka shinkafa, sun dafa ta ranar sunan jikansa, kuma wallahi ta yi daɗi. Na Sarkin Yamma ya watsa tasa a wani kwari, awaki suka rigaye shi. Biyu a garinmu sun shuka, a fadama guda da ni, ruwa guda ya ci mu. Wani ya manta ma na taɓa ba shi.

Na hau mota zuwa Maraɗi, na nemi buron masu awo, wato ofishinsu. Ina shiga na ga kaina a bango, tsaye kusa da allo. A ƙarƙashin hoton ga shinkafata, zangarniya guda, an manne ta a kwali an rufe da leda mai ƙyalli. Malamar ta fito. Ta riga ta ji. Ta ba ni kujera, ta shiga ciki da sauri neman ƙunshin da ta ɗiba a gonata. Ta daɗe. Ta dawo da shi a hannu, ba ta miƙo mini ba. Ta ce sun gasa shi a na'ura don ya bushe sosai kafin a auna nauyinsa, haka aikin yake, ba zai tsira ba. Idonta ya kawo ruwa. Ni ne na ba ta haƙuri.

Kafin in tafi ta ce akwai tambayar da ake yi bayan masifa, in ba zan ji haushi ba. Wa zan nufa yanzu: dangi, ƙungiyar manoma, hukuma, ko foroje. Ta ɗauko tsakuwa biyar daga aljihun tebur. Na duba su a tafina, na mayar mata.

Na dawo gida na zauna. Ban saba zama ba. Na cire takardun biyu daga bango, na rasa inda zan kai su, na tura ƙarƙashin tabarma. Kaka ta shigo, gonar fadama babu abin yanka. Wata safiya matata tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce in je bayan famfo.

Na ce in yi me.

Ta ce ruwan da ke zuba in mata suna cika bokiti yana bin wata ƴar hanya ya shiga bayan darnin Inna, inda aka taɓa haƙar ƙasar gini. A nan Inna take shuka shinkafa. Kowace shekara tana ware zangarniyar da ta fi cika a cikin kalarta, ta ci sauran, ta shuka wannan. Shekarar da na share gona, da irin da ta girbe a ramin ta sake shukawa, ba ta ci ko ƙwaya ba. Ruwan gulbi bai hau tudu ba. Ta ce duk macen da ke ɗiban ruwa a garin nan ta san wannan, maza ne da masu awo ba su sani ba.

Na yi kwana huɗu ban je ba. Na taɓa ɗaukar buhu biyu a ka a tashar Katsina don kada a ce na gaza. Tafiyar nan daga gidana zuwa bayan famfo ta fi shi nauyi.

Na je da hantsi. Mata sun cika famfo. Na yi sallama a bakin darni. Inna tana zaune kan turmi a kife tana ɓarar wake. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi awaki, ta tambayi jaki. Ba ta tambayi gona ba. Ta ƙofar ɗakinta na hango ɗan dami a rataye, ja, da gemunsa. Na leƙa ramin, an yanke shi, ciyawa ce kawai a kwance. Faɗinsa bai wuce tabarma uku ba.

"Inna, iri na zo nema."

"Wane iri kuma? Kai da ka raba wa duniya."

"Ya ƙare."

"Allon fa? Bai tsira ba?"

Ta ci gaba da ɓarar wakenta har ta gama wanda ke cinyarta.

"Jiya na yanke tawa," ta ce. "Ba na sayarwa. Ba na kyauta, ni ba mai hali ba ce. Amma ban taɓa hana kala ba."

Ta miƙo mini ƙwaryarta, wadda na sani. Ta juya a kan turmin, ta ba ni baya.

Na cire takalmi na shiga ramin. Na duƙa, da furfurata, a bayan gidan tsohuwa, darnin kuma duk ɓula ne. Hirar matan famfo ta tsaya. Can sai wata ta ɗaga murya ta ci gaba da zancen tsadar sabulu, sauran suka kama, kowa ta juya fuska wajen bokitinta. Babu wadda ta dube ni.

Na fara tsinta ƙwaya ɗaya-ɗaya daga laka. Aikin yana cin baya da gwiwa. Shekara da shekaru Inna tana yin sa a bayana, ban taɓa sanin haka yake ba, don ba a kallo. Na kai tsakiyar ramin na ɗaga wata ciyawa. Zangarniya uku ne a kwance, cikakku. Na matsa gaba na ɗaga wata, huɗu. A gefen kowace akwai sawun ƙafa a laka, ƙaramar ƙafa, inda aka turo ciyawar. Na bi ramin har ƙarshe. Da na miƙe ƙwaryar ta wuce rabi. Na dubi damin da ke rataye, na dubi abin da ke hannuna. Kusan daidai suke.

Na fito na sa takalmi. Bakina ya so ya yi godiya, na hana shi. Ta ce, tana ba ni baya, in aiko mata da ƙwaryarta kafin la'asar, tana da aiki da ita.

Damina biyu ke nan da wannan. Ta farko kusurwar gona na shuka, rabi kuma na bari a randa, ko da yake rabin bai rufe gindinta ba. Ba mu ci ko ƙwaya ba. Bana ja ta kai kashi ɗaya cikin uku na gonar. Sauran na ba maƙwabcina aro ya sa fararsa, yana ta ce mini yanzu da na zama mai rauni in sa tsohuwar riga, ko za a ba ni inji.

Malamar ta dawo da kakar nan da katakonta. Ta jefa, ya faɗi kusa da gawo, don yanzu a nan nake sassauta hannu, ciwon baya ya hana Inna kaiwa tsakiyar gona. Ta ɗaga ciyawa ta gani. Ta ce, Baba, asarar ta dawo. Na ce ta dawo. Na ɗan karkata kai wajen gindin bishiyar, inda tsohuwar ke zaune da ƙwarya tana kallon wani wuri. Na ce irin da take aunawa daga can ya fito. Malamar ta daɗe a tsugune. Ta duba takardarta gaba ɗaya, babu gurbin da za ta sa wannan. Ta juya ta ta yi rubutu a baya. Ban san ko a buronsu ana karanta bayan takarda ba.

Zanena ya sake lotsawa, an ce yanzu ba ni ne na farko ba. Baƙi sun daina zuwa. Tamfol yana kan rumfar awaki, allon kuma shi ne ƙofar garken, yana aiki sosai. Ina nan Madarumfa, a gidan da aka haife ni, da matata, da jaki, da awaki shida, da randa guda a liƙe da laka.